Abin da ke Shan Batirin Hajiya

A bakin ruwan Treichville, Hajiya Saudatu mai jirgin ruwan fasinja ta tsayar da wani mai gyaran wuta da ta gani da mitar awon wuta a hannu. Zaharadeen sunansa, bai taɓa ganinta ba.

"Malam, batir uku na canja a wata guda. Kullum da safe a mace muke samunsa."

Ya shiga jirgin, ya cire waya ɗaya, ya ɗora mita. "Inji a kashe, fitilu a kashe, amma wuta na tafiya. Akwai abin da ke shanta, Hajiya."

"To nemo shi, mutane na jira."

Ya riƙa zare fis ɗin wayoyin wuta ɗaya bayan ɗaya. Da ya zare na huɗu, mita ta koma sifili, wata ƙara a ƙarƙashin katako ta ɗauke.

"Famfon kwashe ruwa ne, ba ya hutawa."

"Yanke wayarsa mana."

"Ai ba ya tashi sai ruwa ya taɓa shi. Jirgin nan yoyo yake yi."

"'Yar tsagar nan? Ai tun azumi..."

Zaharadeen ya dubi layin fasinjoji, yawancinsu mata da goyo, ya mayar da fis ɗin.

"Mutum nawa kike ɗauka?"

"Arba'in. Rage murya, don Allah."

"Ba zan yanke ba. Ko ki faɗa musu, ko ni in faɗa."

Hajiya ta juya wajen fasinjojin.

"Pardon, ku yi haƙuri, jama'a. Yau ku nemi wani jirgin."