Kujerar Jita

A ɗakin jira na filin jirgi, wani dattijo makaɗi yana zaune rungume da akwatin jitarsa. An ce jirgi ya cika, sai ga wata mata da ta rasa wuri ta tsaya a kansa.

"Baba, da gaske ne wannan abin ka saya wa kujera?"

"Ta bakin taga ma."

"Ni 'yata na can tana naƙuda. Ka tura shi cikin kaya mana."

"Baiwar Allah, kin taɓa ganin yadda suke jifa da kaya? Jitata ta farko a leda aka miƙo min ita."

"Wato katako ya zauna, uwar mai naƙuda ta tsaya. Matarka ta san da wannan almubazzaranci?"

"Ita ta sayi tikitin."

"Lallai tana son kiɗanka."

"Ba ta taɓa saurara har ƙarshe ba. Cewa ta yi in jitar ta karye, a gida zan zauna ina yi mata hira."

Matar ta yi dariya. "Ni ma surukina sau uku yana kira, wai kada in wahalar da kaina in zo."

Dattijon ya buɗe akwatin, ya fara sassauta tsirkiya, yadda ake yi wa jitar da za ta shiga cikin kaya.

"Mu je wajen masu tikiti. Yau mutum biyu za mu ɓata wa rai: matata da surukinki."