Mun Dafa Siminti, Unguwa Ta Tsira

Mai girma shugaban wannan taro, shugabannin kamfani, dattawan unguwa, iyayena mata, abokan aikina na ɗakin gwaji, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum.

Ina godiya ga Allah, ina kuma godiya gare ku da kuka daure mana, alhali mun san ranku ya ɓaci.

Kun san abin da ya tara mu. Rijiyar man da ke bayan gidajenku ta riƙa tsiyayar iskar gas ta gefen bututu, har ruwan shanku ya soma wari. Sau biyu aka ɗura siminti don a toshe kafar, sau biyu gas ya ɓullo. Aka ce in na uku ya ƙi, sai a tashe ku. Ni ce injiniyar da aka damƙa wa na ukun, kuma wallahi na ji tsoro.

Abu na farko da muka gano shi ne, simintin da ke kan tebur daban, wanda ke can ƙarƙashin ƙasa daban. A kan tebur yana da haƙuri, sai ya jira ka. A can ƙasa kuwa, inda nauyi ke danne shi ta ko'ina, ga zafi, sai ya yi gaggawar daskarewa tun bai kai inda aka aike shi ba, ya bar kafa a baya. Ta nan gas yake bi.

Na biyu, tunda ba mu iya sauka can, sai muka kawo ƙarƙashin ƙasa cikin ɗakinmu. Muka sami tukunyar ƙarfe mai kauri, muka zuba kwaɓin siminti, muka matse shi da irin matsin rijiyar, muka dafa, muka fitar, muka murƙushe shi a inji mu ga ƙarfinsa. Mu dafa, mu fasa, mu sake kwaɓi. Har maigidana ya ce, "Ke dai tukunyar ofis ta fi ta gida ganinki, ga shi ba a ko ɗanɗana mana." Na ce, "Yi haƙuri, wannan girkin, haƙori ba ya iya masa."

A haka muka dace da kwaɓin da ke jira sai ya isa wurinsa, sannan ya kama, ya yi tauri, ko iska ba ta ratsa shi. Muka ɗura. Aka auna, aka sake aunawa, aka kira masu aunawa daga waje: babu gas, babu wari!

Iyayena, na ga manyan motocin da aka yi haya don kwashe kayanku, suna jere a bakin titi. Direbobi, ku sha ruwanmu, mai kyau ne, sannan ku juya yadda kuka zo. Babu ko tabarma da za ta bar unguwar nan.

Allah Ya zaunar da ku lafiya a ɗakunanku, Ya tsare ma'aikatanmu, Ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.