Gayyar da Muka Ƙi Zuwa

Assalamu alaikum Hajiya mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ne Malam Haruna, manomi daga wani ƙauye kusa da Dayi.

Bara wani babban ɗan siyasa ya ƙwace fadamar garinmu, ya zagaye ta da waya. Duk wanda ya yi magana, 'yan barandansa su lakaɗa masa duka. Dattawa suka taru bayan sallar Juma'a, suka ce kada kowa ya ɗaga sanda, amma kada kowa ya je masa gayya. Ranar yankan shinkafarsa aka dafa tuwo tukunya-tukunya, makaɗi ya yi ta kiɗa, ko mutum ɗaya bai fito da lauje ba. Da shinkafa ta fara zuba a ƙasa, sai ya aiko a zauna a sasanta.

Ƙanena Isiya ne ya kasa haƙuri. Na ce masa, "Isiya, saura kaɗan fa." Ya ce, "Yaya, wannan shirun tsoro ne." Ya je ya cinna wa bukkar mai gadin fadamar wuta. Ashe abin da suke jira ke nan. Aka fasa zaman, 'yan barandan suka yi wa Isiya dukan da bai tashi ba.

Yanzu fadama tana hannunsu, marayun Isiya uku suna hannuna. Hajiya, masu sauraro su ba ni shawara. Babban ɗansa ya fara tambayata wa ya kashe ubansa. Me zan gaya masa don kada shi ma ya ɗauki ashana?