Turanci a Bayan Kwalin Magani

A bencin masu jiran likita, wata dattijuwa tana bitar rubutu a bayan kwalin magani. Mutumin da ke gefenta ya leƙa.

"Iya, addu'a ce wannan?"

"Turanci ne. Dokokinsa nake haddacewa: mai yin abu a gaba, aikinsa a tsakiya, wanda aka yi wa a ƙarshe."

"Da ajami? Ni malamin makaranta ne, shekara ashirin ina koyar da shi. Ba haka ake koyon Turanci ba."

"To, ni haka nake koyon nawa. Maƙwabciyata na faɗa, ina rubutawa da abin da na iya."

"Allah ya ba ki haƙuri, amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ba ki da mai yi miki tafinta ne?"

"Ɗana ne tafintan. Wancan zuwan, likita ya yi ta bayani da Turanci, har da zane a takarda. Muna fita ya ce wai cewa aka yi in riƙa shan ruwa. Shan ruwa ne zai sa idon ɗan nawa ya yi ja?"

"Wataƙila tausayinki yake ji."

"Ni na haife shi, ba shi ya haife ni ba. Yau ko sanin na fito bai yi ba."

"In kuma ba ki gane abin da likitan ya ce ba fa?"

"Sai ya maimaita. Wannan ma na haddace, ga shi a kwali na uku."

Aka kira lambarta. Ta tattara kwalayenta ta miƙe.

"Jikina ne, malam. Ko mutuwa ce, da kunnena zan ji."