Kofin Cuffy Chisolm a Cikin Gilashi

Shugaban taro, Rabaran Isaiah Middleton, dattawan coci, iyayenmu mata na ƙungiyar jana'iza, masunta da masu saƙar kwando, jama'ar wannan tsibiri namu na Carolina, da Farfesa Alden Whitcomb, wanda muka ajiye wa kujera bai zo ba: ina gaishe ku duka. Na gode da kuka ba editan 'yar jaridarku damar magana.

Jiya jami'ar da Farfesa yake koyarwa ta sanar cewa ta rufe baje kolin da ta kira Asirin Hoodoo, wato tsibbun mutanenmu, kuma za ta dawo da kayan da aka kwashe daga maƙabartarmu. Sanarwar ba ta ce an yi laifi ba. Ta ce an samu bambancin fahimta.

Na farko, mu yi wa Farfesa adalci. Mutum ne mai karatu, na karanta littattafansa duka, abin da ban tabbata ɗalibansa sun yi ba. Ya zo neman tsibbu, kuma ba ma musun akwai masu haɗa asiri da saiwoyi a nan, kowa ya san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa in shari'a ta yi zafi. Sai dai Farfesa ya zo da amsarsa a aljihu, tambaya kawai yake nema. Ya tambayi dattijon cocinmu, Dikon Prince Gadsden, me ya sa ƙofarsa shuɗiya ce. Dikon ya ce ragowar fentin kwalekwalensa ne. Farfesa ya rubuta cewa dattijon yana ɓoye sirri. In ka ce e, hujja ce. In ka ce a'a, babbar hujja ce. In ka yi shiru, ka zama babi guda.

Na biyu, kayan. Tun kakanninmu, in mutum ya rasu, muna ɗora abin da ya yi amfani da shi na ƙarshe a kan kabarinsa, kofi ko faranti ko fitila, kuma muna fasa shi da gangan don kada mutuwa ta biyo sauran 'yan gidan. Farfesa ya ga fasassun kwanuka a ƙarƙashin itatuwa, bai ga mai gadi ba, ya cika bayan motarsa. Da wani daga cikinmu ne ya shiga maƙabartar garinsu ya ɗauki tukunyar furanni, sunan abin sata. Shi da ya yi, sunansa bincike.

Na uku, Inna Evalina Chisolm, ga ta nan a layin gaba. A cikin kayan akwai farin kofin mijinta, marigayi Cuffy, wanda ya sha ruwa da shi ranar da ya cika. Da hannunta ta fasa shi. Jikarta ta kai ta birni, ta same shi a cikin gilashi, an rubuta a ƙasa wai kayan kiran ruhohi ne. Farfesa ya zo da fara'a yana tambayarta wane aiki ake yi da shi.

Ta ce, "Ɗana, gahawa ake sha da shi. Kai da me kake shan taka?"

Ya ce abin yana da daraja ga ilimi. Ta ce masa ilimi ya je ya binne nasa mijin.

Mun yi dariya, amma ita ba ta yi ba. Tun da aka ɗauke kofin nan ba ta yarda jikokinta su shiga jirgin ruwa. Wanda ya ga dama ya kira shi camfi. Kabarin mijinta ne, ba ta nemi izinin kowa kafin ta yi makokinsa ba.

Don haka roƙona guda ne. Kada a aiko mana da kwali ta hannun direba. Wanda ya kwasa shi zai dawo da su, ya tsaya a rana, kowane gida ya nuna masa kabarin da ya taɓa, ya faɗi sunan mai shi da bakinsa.

Ubangiji ya ji ƙan matattunmu, ya kwantar wa Inna Evalina da hankali, ya kiyaye masu shiga teku, ya mai da kowa gida lafiya.

Saura abu ɗaya. Wata ma'aikaciyar jami'ar ta shaida mini da safen nan cewa bayan Inna Evalina ta ga kofin a gilashi, masu gyaran kayan tarihi sun haɗa shi da gam, ya koma lafiyayye. Na tambayi ofishin Farfesa. Har yanzu ba su amsa ba.

Na gode.