Yadda Na Ɗaure wa Keken Babana Ƙafa

Mai girma shugaban wannan taro, Injiniya Musaddiq Al-Amin. Shugabar makarantarmu, Madam Catherine Alexander. Shugabannin ƙungiyar iyaye da malamai. Malamanmu maza da mata. Iyayenmu da suka baro ofis da shago da kasuwa domin wannan Rana ta Kimiyya da Fasaha. 'Yan'uwana ɗalibai, na gaba da ni da na baya da ni: assalamu alaikum warahmatullahi, barkanmu da hantsi.

Sunana Amatullahi Sale Yelwa, ina aji biyar. 'Yan ajinmu sun san ni ba mai magana ba ce, don haka idan kun ji na yi tuntuɓen harshe, ku yi mini uzuri.

Ina gode wa Allah da ya tara mu lafiya. Ina gode wa hukumar makaranta da ta ba ƙungiyarmu ta kimiyya wannan dama. Ina gode wa Malama Christina, mai koyar da mu Fiziks, wadda ta zaɓe ni in yi bayani a kan keken lantarki mai ninkewa da kuke gani a kan teburin nan, kuma ta yarda in yi da Hausa, ko da yake ba ta san dalilin da ya sa na nace ba. Ina kuma gode wa mai keken, mahaifina Malam Sale, da ya ara mana shi na yini ɗaya. Ga shi can a layi na uku da farar hula. Tun da aka buɗe taro nake kallonsa, shi kuma tun da aka buɗe taro yake kallon keken.

Bayanina kashi uku ne: yadda ake haɗa keken, yadda ake daidaita shi, da yadda ake yi masa ƙarin gyara. Amma kafin in shiga na farko, ku bari in faɗa muku yadda muke kafin ya zo gidanmu.

A Karu muke zaune. Baba yana aiki a sashen ajiyar fayil na wata ma'aikata a Sakatariya, kuma makarantarmu a kan hanyarsa take. Tun ina aji ɗaya, kullum ƙarfe shida da kwata muke fitowa tare mu hau bas. Kowa a nan ya san gosulon hanyar Nyanya. Kowa yana tsine masa. Ina jin a duk faɗin Abuja ni kaɗai ce nake addu'ar ya ƙara tsawo. Domin a gida Baba na kowa ne: na Umma ne, na ƙannena huɗu ne, na rediyo ne, na baƙi ne. A cikin gosulo kuwa nawa ne ni kaɗai. Shi yake bar mini kujerar taga. Shi yake sayen ƙosai a tasha ya zaɓi wanda ya ƙone ya ci, ya miƙo mini sauran. Shi yake riƙe littafina yana yi mini tambayoyi, idan na ci ya ce, "Haka ne, Injiniya," idan na faɗi ya ce, "Direba ma bai yarda ba, sake." Shekara huɗu da rabi muna haka.

Sai Baffa Hafizu, ƙanen Baba da ke fatauci zuwa ƙasar Sin, ya dawo da wani babban kwali, ya ce, "Yaya, ga maganin gosulo."

To, kashi na farko: haɗawa. Keken yana zuwa ne a ninke, kamar yadda kuke ganinsa yanzu. Rubutun littafinsa ƙanana ne ƙwarai, idon Baba kuma ba ya son ƙaramin rubutu, sai ya ce, "Injiniya, zo ga aikinki." Da farko za a buɗe gangar jikin keken har maɗaurin tsakiya ya yi ƙara, sannan a danne ɗan makullinsa, domin idan ba a danne ba keken yana iya ninkewa da mutum a kan titi. Sai a ɗaga hannun keken a ɗaure shi. Sai a ɗaura feda, kuma a lura, ta hagu a juye ake murza ta. Wanda bai sani ba zai yi ta fama har ya cinye bakin notin. Sai a yi wa taya iska. Batir kuwa, kafin hawan farko, sai ya sha caji ya cika. Duk wannan ni na yi, a tsakar gida, cikin awa biyu. Na yi murna ranar, domin Baba ya kira maƙwabta ya ce su zo su ga aikin 'yarsa. Da suka zo, keken suka kewaye.

Iyayena, daga ranar keken nan ya samu abin da ni ban taɓa samu ba. An saya masa sabon tawul, alhali nawa tun na aji uku ne. A falo yake kwana, kusa da soket, kuma idan aka kawo wuta shi ake fara sa wa caji kafin fitilar karatuna. Idan Baba ya dawo aiki, kafin ya ce, "Yaya makaranta?" sai ya durƙusa ya duba ko ƙaya ta soki taya. Ranar da ƙanwata ta zuba masa kunu, Baba ya yi faɗan da bai yi ba ranar da ta zuba wa littafina na Kemistiri. Ranar Litinin ta farko kuwa, ƙarfe shida da kwata na fito da jakata, sai na tarar da shi yana shan shayi a zaune. Ya ce, "Ki bi bas ɗin makaranta, Injiniya. Ni yanzu sai bakwai zan fita." Yana murmushi ya faɗa. Na zauna a kujerar taga, kusa da wata 'yar aji ɗaya da ta yi barci a kafaɗata har muka iso.

Kashi na biyu: daidaitawa. Keke ba ya yi wa mutum daɗi sai an daidaita shi da jikinsa. Tsayin sirdi ana auna shi ne da ƙugun mai hawa, yadda idan feda ta sauka ƙasa gwiwa za ta ɗan lanƙwashe kaɗan. Birki kada ya yi tsauri, kada ya yi sako-sako. Sannan akwai wannan ɗan allo da ke kan hannun keken, mai kama da fuskar agogo. Shi ne yake nuna sauran caji, shi ne kuma yake faɗa wa injin iyakar gudun da zai taimaka. Idan aka danne maɓalli biyu tare na daƙiƙa biyar, sai wani shafi ya buɗe wanda littafin ya ce kada a taɓa shi sai da sani. A wannan shafi akwai lamba ashirin da biyar, wato kilomita ashirin da biyar a awa.

A nan ne abin da ke cikin takardar da Malama Christina ta duba ya ƙare. Sauran ban nuna mata ba. Malama, ki gafarce ni.

Ranar Lahadi ta biyu, Baba ya tafi ɗaurin aure, aka bar ni da keken a falo. Na daɗe ina kallonsa. Sai na danne maɓallan nan biyu, na mayar da ashirin da biyar ta koma goma. Ban yi kuskure ba, kuma ban yi don gwaji ba. Na yi ne domin Baba ya ga keken ba shi da amfani, ya jingine shi, ya dawo bas.

Masu kimiyya a cikinku sun san abin da zai biyo baya. Da zarar gudu ya wuce goma, injin sai ya janye hannunsa, ya bar mutum da nauyin ƙarfe da nauyin batir. Ku tuna hawan Kugbo, ku tuna mutum mai shekara hamsin da uku a cikin kaftani. Baba ya fara dawowa gida da riga jiƙe. Ya fara makara. Amma bai zagi keken ba ko sau ɗaya. Cewa yake yi, "Bai saba da ƙasarmu ba ne, zai ware." Ni idan na kawo saba'in a jarrabawa, tambayata yake ina sauran talatin. Keke ya kawo goma cikin ashirin da biyar, an ce bai saba da ƙasa ba.

Sau ɗaya dabarata ta kusa ci. Wata Laraba aka tashi da ruwan sama, sai ga Baba a tasha da lema. Ya saya mana ƙosai. Na ciro littafina na ɗora a cinyarsa. Daga Karu har gadar Asokoro, littafin yana rufe, shi kuma yana tambayata ko a ganina batir ne ya yi sanyi, ko sarƙa ce ta yi tsauri.

A mako na uku aka ba shi takardar tuhuma a ofis saboda makara. Shekara ashirin da huɗu yana aiki ba a taɓa ba shi irinta ba. Ya ninke ta ya sa ƙarƙashin rediyo, na ɗauka na karanta. Ina so in ce muku a take na gyara lambar. Ban gyara ba. Cewa na yi a raina, yanzu kam dole ya haƙura da keken.

Kashi na uku: ƙarin gyara. Baba bai haƙura ba. Ranar Asabar ya ninke keken, ya ce in zo mu je Apo, a sa masa babban inji ko babban batir, duk wanda ya samu. Akwai wani bakanike a can, Oga Bartholomew, wanda ya ƙware a kan kayan lantarki na mota. Ya auna batir, ya juya taya, ya saurari injin. Sai ya danne maɓallan nan biyu. Ya kalli allon, ya yi dariya, ya ce, "Oga, wannan keke ba ya ciwo. Wani ne ya ɗaure masa ƙafa. Wa yake taɓa wannan wuri?"

A gidanmu mutum ɗaya ne ya san wannan shafi, kuma tana tsaye a bayan Baba, riƙe da hular kwanonsa.

Baba ya daɗe yana kallon lambar. Bai waiwayo ba. Sai ya ce, "Daga kamfani ya zo haka."

Oga Bartholomew ya ce, "Kamfani ba ya saka goma, oga. Ni na san wannan aiki."

Baba ya ce, "To, ni na ce maka daga kamfani ne. Mayar da shi yadda yake." Sannan ya ce da ni, "Injiniya, je ki samo mana ruwa, akwai maganar da zan yi da Oga."

Keken ya kwana huɗu a Apo. Da ya dawo, ba a canza inji ba, ba a canza batir ba. Ku duba bayansa. An cire ƙaramin mariƙin kaya an sa mai ƙarfi, an ɗora masa sirdi mai laushi. An sa wurin ɗora ƙafa hagu da dama. An sa raga a gefen tayar baya. Wannan raga ba ta kaftani ba ce, domin kaftani ba ya kaiwa can, hijabi ne yake kaiwa. Kuma a cikin jakar keken akwai hular kwano ta biyu, ƙarama. Littafin ya ce keken yana ɗaukar kilo ɗari da ashirin. Baba sittin da uku ne, ni arba'in da shida. Na yi lissafin sau da yawa, kullum yana fitowa daidai, har da jakar makaranta.

Baba bai taɓa ce mini komai a kan lambar ba har yau. Abin da kawai yake yi shi ne, kowace safiya idan zan fita, sai ya ce, "Injiniya, za ki hau?" Ni kuma kunya ba ta barina in kalli sirdin, sai in ce bas yana jirana. Mako uku ke nan. Shi kuma sai ya ɗauko fayilolin ofis ya ɗaure su a kai da roba. Kuma ba zan ɓoye muku ba, yanzu fayilolin nake jin haushi.

'Yan'uwana ɗalibai, Malama Christina ta ce in rufe da darasi. Darasin kimiyya shi ne, kada ku taɓa shafin da aka ce kada a taɓa. Ɗaya darasin har yanzu ban gama koyonsa ba, domin ko da safiyar nan da na ga Baba yana goge keken da tawul kafin mu kawo shi, sai da kishin ya sake taso mini.

Baba, ba daga kamfani ba ne. Ka sani, na san ka sani, amma na kasa faɗa a falo, na kasa faɗa a Apo, shi ya sa na roƙi a bar ni in yi wannan jawabi da harshen da muke magana a cikin bas. Takardar da ke ƙarƙashin rediyo tawa ce. Ka yafe mini.

Allah ya saka wa malamanmu da alheri. Allah ya yi wa iyayenmu albarka, ya ba su haƙurin zama da mu, har da abin da suka sani suka yi shiru. Allah ya tsare masu hawa keke da masu hawa bas a kan hanyoyin garin nan, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Baba, idan an tashi taro kada ka ninke shi. Hular tana cikin jakata tun safe. Fayilolin kuma ni zan riƙe su.

Na gode.