Saƙon da Ya Tafi Aljihun Alhaji Badaru

Mai girma shugaban taro, iyayenmu masu unguwanni, malamai da limaman coci, shugabannin ƙungiyoyin manoma, 'yan kasuwar Lafia, mata da maza, ina yi muku sallama. Na gode da wannan dama, ba kuma zan daɗe ba.

Ranar Talata, tara ga Yulin bana, da ƙarfe biyu da kwata na rana, ina tsaye a wata gona kusa da Agyaragu, ruwa ya sauko. Na ga agushin da aka shanya a kan tampol huɗu, saura yini guda ya bushe, ruwa yana kwashe shi zuwa cikin kunya. Na ga wadda ta noma shi, Madam Rosaline Iortyer, ta taho a guje daga wata gonar, ta iso ba abin da za ta iya tsamowa sai kwano biyu.

Shirinmu na ƙauye mai amfani da fasaha ya san ruwan yana tafe. Na'urarmu ta hango shi tun safe, ta aika gargaɗi da ƙarfe tara. Gargaɗin ya isa, amma ya isa wayar Alhaji Badaru, yana shagonsa na yadi a kasuwar Lafia, shi da rabonsa da taka gonar shekara uku ke nan.

Dalili shi ne, takardar rajistar da kwamitinmu ya tsara ta yi tambaya ɗaya: gonar wa ce? Kun fi ni sani, a ƙasar nan wanda aka ba aron ƙasa ba ya kiranta tasa a gaban baƙo, ko da ya shekara ashirin yana nomanta. Sai Madam Rosaline ta ba da sunan Alhaji, mai ƙasar, da lambarsa, saboda ladabi.

Da na yi mata bayani, ta dube ni, ta ce: "Oga Injiniya, injin naka yana da kirki. Ya gaya wa yadi kada ruwa ya taɓa shi." Alhaji Badaru kuwa ya ce min ya ga saƙon, ya ɗauka tallar kamfanin waya ce.

Mun bincika. Cikin gonaki ɗari biyu da muka yi wa rajista, tamanin da shida haka suke. Yankan riɗi yana tafe a watan Nuwamba, Madam Rosaline kuma ta shaida min cewa in ba a gyara ba kafin nan, ita da matan ƙungiyarta za su fita daga shirin. Idan suka fita, ba za a ƙara sauraronmu a wannan yanki ba, kuma da gaskiyarsu.

Saboda haka ga abin da muka ƙudura. Na farko, za mu sake rajistar, ba a ofis ba, gona-gona, kuma tambayar ita ce: wa ke shanya, wa ke kwashewa? Na biyu, gargaɗi zai koma murya, da Hausa da Tibi da Eggon da Alago da Migili. Na uku, ina roƙon iyayenmu masu ƙasa su faɗa da bakinsu, yau, a nan, cewa rubuta lambar manomi ba ƙwace gona ba ne. In ba ku faɗa ba, ba wanda zai ba mu lambarsa. Za mu gama kafin a yanki riɗi, za mu gama ko da a ƙafa ne.

Allah Ya albarkaci gonakinmu, Ya zaunar da mu lafiya da juna, Ya mai da kowa gida lafiya.

Sunana Abdulhakeem Mahmuda. Akwai gyara ɗaya a cikin abin da na faɗa: na ce kwamiti ne ya tsara takardar nan. Ba kwamiti ba ne. Ni kaɗai na tsara ta, a kan teburina, ban tambayi manomi ko ɗaya ba.

Na gode.